Kafin Babur Mai Caji Ya Cika Karaye da Rogo, Mu Leƙa Bangaladash

Ranar 29 ga Mayun 2023, lokacin da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. Kafin mako ya zagayo ta haura 500, kafin 2024 ta ƙare kuma ta wuce dubu. Mutumin birni ya ji a jikinsa, amma na karkara ya fi shi ji, domin a Karaye da Rogo fetur ba na mota kaɗai ba ne. Shi ke juya injin ban-ruwa a fadama, shi ke juya injin markaɗe da janaretan mai cajin waya, shi ke cikin tankin babur ɗin da zai ɗauko mai naƙuda daga Zarewa ko Yammedi cikin dare. Sau da yawa ma ba a gidan mai ake sayensa ba, a kwalba ake aunowa wurin ɗan bumburutu, da ribarsa a kai.

Shi ya sa maganar sola da abin hawa mai caji ta shigo majalisar hira. An ji labarin Maiduguri, inda gwamnatin Borno ta fito da tasi masu caji a Disambar 2023, inda kuma Mustapha Gajibo ya yi suna wajen haɗa ƙananan bas marasa shan mai. A birnin Kano babura masu caji sun fara yawa, suna wuce ka shiru kamar keke. Wanda ya gani sai ya ce ai an rabu da wahala. Ni dai ina ganin kafin mu yi guɗa, ya kamata mu dubi wata ƙasa da ta riga mu bin wannan hanya da shekara goma sha biyar, wadda kuma talakanta ya fi kama da namu a kan na Turai ko Amurka.

Bangaladash ƙasa ce ta manoman shinkafa, akasarinsu Musulmi, mutum sama da miliyan 170 a filin da bai kai ɗaya bisa shida na Najeriya ba. Wajen shekarar 2009 aka fara shigo musu da wani keke mai ƙafa uku daga ƙasar Sin, ɗan'uwan A Daidaita Sahu ɗinmu, sai dai shi da batir yake tafiya. Ba a jima ba masu walda da kanikawa suka gane kansa, suka riƙa haɗa nasu a bakin titi, wasu kuma suka maƙala wa tsohon keken haya da ake tuƙawa da ƙafa ɗan inji da batir. Yau ana ƙiyasta yawansu da miliyoyi. Babu wani shirin gwamnati da ya kawo su, babu wanda ya yi wa direbobin wa'azin ɗumamar yanayi. Lissafi kawai suka yi, suka ga cajin dare ɗaya ya fi arha a kan mai, ya kuma fi sauƙi a kan taka feda yini guda. Hukuma ma yaƙarsu ta yi ta yi. Kotu ta sha ba da umarnin a kawar da su, a watan Mayun 2024 aka haramta su a Daka, babban birnin ƙasar, direbobi suka tare tituna, cikin 'yan kwanaki gwamnati ta lashe amanta.

Wannan shi ne ɓangaren labarin mai daɗin ji, kuma gaskiya ne. Abin hawa mai caji da zai yi wa talaka amfani ba doguwar motar nan ba ce da ake nunawa a Facebook. Babur ne, da A Daidaita Sahu, da 'yar ƙurƙura mai ɗaukar buhunan masara zuwa kasuwa. In lissafin ya fita, ba sai an roƙi kowa ya saya ba.

To, me ya sa lissafin ya fita a can? Saboda wuta. A daidai shekarun da keken ke yaɗuwa, Bangaladash na ja wa ƙauyukanta waya. A 2009 waɗanda ke da lantarki ba su kai rabin jama'a ba, a watan Maris na 2022 gwamnati ta yi shelar ta kai wa kowa. Ko da an yi ƙari a shelar, kuma ko da ana ɗauke wutar, direban ƙauye ya san in ya kai kekensa gareji da magariba zai ɗauke shi da asuba a cike. Wasu garejin ma satar wutar suke yi, abin da ya ƙara wa cajin arha.

Mu dawo gida mu ɗauki alƙalami. Mu ƙaddara ɗan acaɓa yana yin kilomita 120 a yini, babur ɗinsa na cin kilomita 40 da lita ɗaya. Lita 3 ke nan, in mun sa ta a naira 900 ya ƙona 2,700. Babur mai caji zai yi wannan tafiya da wutar da ba ta wuce yunit 5 zuwa 6 ba. Ko da farashin wutar 'yan rukunin A aka saya, wanda ya haura naira 200 kan yunit tun Afrilun 2024, kuɗin bai kai rabin na fetur ba. A takarda riba ce tsantsa. Amma sai an kawo wutar ake maganar farashinta, kuma kowa ya san yadda take a garuruwanmu, balle ƙauyukan da turaku ma ba su isa ba. Wanda ya ce zai yi caji da janareta kuwa ya yi aikin baban giwa, domin ƙaramin janareta da ƙyar yake fitar da yunit 2 daga lita ɗaya. Man da ka hana babur shi za ka ɗura wa janareta, har da ƙari.

Abin takaicin shi ne ruwan da zai iya ba da wutar yana nan kwance a ƙasar Karaye. An kammala madatsar ruwa ta Challawa a 1992, an kuma ba da kwangilar samar da lantarki daga gare ta da ta Tiga a zamanin mulkin Kwankwaso na biyu. Mutanen da aka tasa daga gonakinsu don a tara wannan ruwa suna da haƙƙin su tambaya ina aka kwana.

Saura rana, wadda Allah Ya hore mana ba awo. Farantin sola mai wat 500 kan ba da yunit 2 ko fiye kaɗan a yini in gari ya yi haske, ya ragu in hazo ya sauko ko cikin marka. Faranti uku sun ishi babur ɗaya ke nan, kuma farashin faranti ya faɗi ƙwarai a duniya, duk da faɗuwar naira ta cinye mana wani kaso na rangwamen. Matsalar ita ce lokacin da rana ke dukan faranti shi ne lokacin da ɗan acaɓa ke kan hanya yana neman abinci. Ko dai ya ajiye babur da tsakar rana, ko ya mallaki batir biyu, ɗaya na caji ɗaya na aiki. Batir kuwa shi ne mafi tsada a jikin babur ɗin. Duk ta inda ka ɓullo wa zancen, kan batir za ka dawo.

A nan ne Bangaladash ta yi tuntuɓe. Don keken ya yi arha, da batirin dalma aka haɗa shi, irin na mota da na inbata, guda huɗu ko biyar a jere ƙarƙashin kujera. Irin wannan batir in ana cika shi ana juye shi kullum, shekara ɗaya ya yi ƙoƙari, wani ko shekarar ba ya kaiwa. Miliyoyin kekuna, kowanne na zubar da batir huɗu ko biyar a shekara, ina za su tafi? Sai wata sana'a ta tsiro a bayan gari. A sami lungu cikin gora ko bayan gidaje, a fasa batir da gatari, a tuttular da ruwansa a ƙasa, a zare farantan dalma a zuba a rami da gawayi, a hura wuta cikin dare don kada hukuma ta gani. Da safe a kwashe dalmar a sayar wa masu haɗa sabon batir. Hayaƙin ya sauka kan ciyawa da rufin ɗaki, ƙurar ta zauna a ƙasar da yara ke wasa. A wani ƙauye da ake kira Katgora kusa da Daka, sai da aka kankare ƙasar wurin aka kwashe bayan masu narkawar sun tashi. Rahoton da UNICEF da ƙungiyar Pure Earth suka fitar a 2020 ya ƙiyasta yara sama da miliyan 35 a ƙasar na ɗauke da dalma a jininsu fiye da ƙima. Ba batir kaɗai ne sila ba, akwai gurɓataccen kurkum da fenti, amma batir na sahun gaba.

Mu ba baƙin wannan guba ba ne. A 2010 dalmar da ke cikin duwatsun zinariya da ake dakawa a tsakar gida ta kashe yara sama da 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Zamfara. Waɗanda suka rayu, da yawansu ta taɓa musu ƙwaƙwalwa, kuma wannan tabon ba ya gogewa. Dalma ba ta da wari, yaro ba ya kuka ranar da ta shige shi, sai daga baya a ga ba ya gane karatu, a ce daƙiƙi ne.

Kada a ce ai babura masu cajin ba su yi yawa ba tukuna. Batiran sun riga su isowa. Shiga gidan da aka sa sola shekara biyu da suka wuce, za ka iya tarar da tsohon batir ya kumbura a lungun zaure, farin gari ya taru a kan sandunansa, yara na zama a kai. Ranar da ɗan gwangwan ya zo zai ɗora shi a sikeli ya biya, sau da yawa bayan an tsiyaye ruwan a bakin kwata don nauyin dalma kaɗai ake saye. Daga nan babu mai tambayar inda ya nufa. Zafinmu ma ba ya raga wa batir: irin ranar Maris da Afrilu, da ake haura digiri 40, tana rage masa kwana sosai.

Batirin litiyam mai kyau yana jure caji sau dubbai, na dalma kuwa 'yan ɗaruruwa. Na farkon ya fi tsada ranar saye, na biyun ya fi tsada in aka yi shekara uku ana canzawa. Araha ba ta ado. Sai dai talaka ba don rashin wayo yake sayen mai arha ba, kuɗin dunƙule ne ba shi da su. Ruwanda ta nemi hanyar kauce wa wannan. A Kigali, babban birninta, kamfanin Ampersand kan bar batir a hannunsa, ɗan acaɓa ya mallaki babur kawai. In caji ya ƙare ya tsaya a tasha, a zare batirin a sa masa cikakke cikin 'yan mintoci, ya biya kuɗin wutar kamar yadda yake biyan kuɗin mai. Lalacewar batir da zubar da shi duk suna wuyan kamfani. Daga Janairun 2025 ma an daina yi wa sabon babur ɗin haya mai fetur rajista a birnin. Amma Kigali birni ne a dunƙule. A wurinmu, inda fasinja zai ce a kai shi Ruwan Bago ko Tudun Kaya ta hanyar burji da yashi, da buhu biyu a baya, tasha ɗaya ba ta wadatar ba. In za a gwada, a fara da cikin garin Karaye da na Rogo da hanyoyin kasuwanni, inda zirga-zirgar gajera ce kuma ana dawowa wuri ɗaya. Ɗan acaɓan da ke shiga lunguna masu nisa, ban ga dalilin da zai sa ya yi gaggawar rabuwa da Boxer ɗinsa ba, wanda kowane bakanike ya san cikinsa, kayan gyaransa kuma suna kowace kasuwa.

Inda sola ba ta da gardama shi ne aikin da ba ya buƙatar batir sam. Manomin rani da rana yake ban-ruwa, lokacin da faranti ke kan ganiyarsa. A haɗa faranti da famfo kai tsaye, ruwa ya hau, shi ke nan; babu mai, babu baƙin mai, babu filogi. Faranti mai kyau kan haura shekara ashirin. Ɗawainiyarsa goge ƙura da tsaro, shi ya sa za ka ga manomi ya ɗaure farantansa a bayan babur da yamma ya kai gida. Haka rijiyar burtsatse ta unguwa: tankin da ke sama shi ne ma'ajiyarta. Duk wanda ke da ɗan jari a hannu, ko ɗan siyasar da ke neman abin rabawa, nan ya kamata kuɗin su fara zuwa kafin a kai ga babur.

Tun 2024 Karaye da Rogo ne suka haɗu suka zama masarautar Karaye, don haka magana ɗaya daga fada za ta isa kunnen hakimai da dagatai da masu unguwanni na ƙananan hukumomin biyu. Ina roƙon a yi ta tun yanzu: kada a bari a fasa ko a narka batir a cikin gari, kuma a ware wurin tara matattun batira nesa da gidaje da rijiyoyi. Ƙungiyoyin 'yan acaɓa da na masu A Daidaita Sahu kuma, duk dilan da ya zo muku da babur mai caji, ku sa shi ya rubuta muku irin batirin da ke ciki, da shekarun da ya lamunce, da kuɗin sabo, da wanda zai karɓi tsohon in ya mutu. In ya ƙi rubutawa, kada ku saya.