A Rubuta Sunayen Mamatan Batsari Da Safana Tun Da Sauran Shaidu

Cikin watan Mayu na 2019 mutanen 'Yar Gamji ta ƙasar Batsari suka ɗora gawawwaki 18 a mota, suka kawo su har ƙofar fadar Sarkin Katsina. Musulmi ba ya jinkirta jana'iza sai da babban dalili. A ganina dalilinsu shi ne gudun kada a wayi gari a ce jita-jita ce.

Wanda ya ke ganin tsoron nan ya yi yawa, to, ya dubi abin da ya sami Armeniyawa. Ran 24 ga Afrilu, 1915, hukumar Daular Usmaniyya ta Turkiyya (ba tamu ta Sakkwato ba) ta kame shugabanninsu a Istanbul. Daga nan aka karkashe maza, aka kora mata da yara a ƙasa zuwa hamadar Sham, har wajen mutum miliyan ɗaya ko fiye suka halaka. Kotun soja ta daular kanta ta yanke wa Talat Pasha hukuncin kisa a 1919, bayan ya tsere. Duk da haka gwamnatin Turkiyya har yau ba ta yarda kisan ƙare-dangi ne ba. Cewa ta ke yi yaƙi ne, da yunwa da annoba, kuma kowane ɓangare ya yi hasara. Ɗan jarida Hrant Dink, wanda ya nace a kan maganar, harbe shi aka yi a ƙofar ofishinsa a 2007.

Wasu ɗalibanmu kan ɗauka kāre wannan musu kishin addini ne. Ba haka ba ne. Jalal Bey, gwamnan Halab, Musulmi ne, ya ƙi umurnin korar, aka ɗauke shi daga kujerarsa.

Lalle ta'asar 'yan bindigar Dajin Rugu ba daidai ta ke da wancan ba, domin can hukuma ce ta shirya kisan. Amma hanyar musu ɗaya ce, watau a fara da gardamar lissafi, sa'an nan a ce ai ramuwar gayya ce tsakanin jama'a. Ran 14 ga Fabrairu, 2020, aka kashe mutum 30 a Tsauwa da Dankar. Ran 18 ga Afrilu na shekarar aka kashe 47 a ƙasashen Safana, Danmusa da Dutsinma. Waɗannan su ne suka shiga jarida. Manomin da aka harbe shi kaɗai a gonarsa fa, wa ya ƙidaya shi?

Abin da ya tsare maganar Armeniyawa shi ne rahotannin jakadu da shaidar waɗanda suka tsira. Saboda haka ya kamata Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina ta haɗa kai da jami'o'in da ke Katsina da Dutsinma, a tura ɗalibai wurin dagatai da limaman da suka sallaci gawawwakin, a rubuta sunan kowane mamaci, da ƙauyensu, da ranar da aka kashe shi. A ajiye kwafe ɗaya a sakatariyar Batsari, ɗaya a ta Safana, inda magada za su iya zuwa su duba.