WUTAR DAJI BA TA SAN IYAKA BA

Jama'a, idan kaka ta yi, hunturu ya kunno kai, ciyawa takan bushe ƙayau, iska kuwa ta taso daga gabas ba sassauci. A irin wannan lokaci ƙwayar ashana guda tana iya cinye wahalar damina ɗungum. Saboda haka filinmu na wannan mako zai duba sha'anin ƙunar daji, musamman a ƙasar Tambuwal da Kebbe, inda gona da burtali da gandun daji suke maƙwabtaka da juna.

Masu cinna wutar sanannu ne: mafarauci mai son fitar da gafiya ko zomo, manomi mai ƙona sassabe, makiyayi mai neman sabon toho, da mai ɗiban zuma wanda ya bar bakin wuta a gindin itace. Abin da ke ƙonewa kuwa shi ne dammunan dawa da ba a kai rumbu ba, da harawa, da gambar zana, da ƙananan ɗorawa da kaɗanya. Ɗan kasuwa ma ba ya tsira, domin hatsin da ya ƙone a gona a bakin mudu ake biyansa, dabbar da ta rasa ciyawa kuma a rame take isa kara.

Malamanmu na Malikiyya ba su bar wannan mas'ala a duhu ba. A cikin Muhtasar na Shehu Halilu an ɗora lamuni a kan wanda ya hura wuta ranar iska mai ƙarfi, watau shi zai biya abin da ta lalata, ko da a gonarsa ya hura ta. Haka nan killace wani yanki domin amfanin jama'a, abin da Larabawa ke kira hima, yana da asali. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina saboda dawakin Musulmi, Sayyidina Umaru kuma ya keɓe Rabaza. Imamu Maliku ya ruwaito cikin Muwaɗɗa cewa Umaru ya naɗa Hunayyu a kan himar, ya hore shi da ya sassauta wa mai 'yan raƙuma da mai 'yan tumaki, ya tsare garken mawadata, tun da su suna da gonakin da za su koma wa. A nan kusa da mu, Shehu Abdullahi na Gwandu ya yi bayanin hukuncin ƙasar da ba ta da mai ita cikin littafinsa Ta'alimur Radi.

To, abin lura a labarin Umaru shi ne, an san wanda ya ba da umurni, an san wurin da aka rufe, an san wanda aka damƙa wa tsaronsa. A nan ne gizo yake saƙa a zamaninmu. Lokacin En'e, uban ƙasa da malamin daji da dogari duk wuri ɗaya suke karɓar umurni. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya raba wannan iko, dokar ƙasa ta 1978 kuma ta sa filayen karkara a hannun ƙaramar hukuma, alhali gandun daji yana hannun ma'aikatar jiha. An yanke Jihar Kebbi a 1991, aka yanke Zamfara a 1996, sai Tambuwal da Kebbe suka zama ƙasashen kan iyaka, ta yadda wutar da aka cinna a wajen Gummi ko Jega tana iya kwana a Jihar Sakkwato. Gwamnatin Tarayya ma tana da nata hannu, domin a 2011 an kafa ƙa'idojin hana ƙunar daji ba da izini ba, waɗanda hukumar NESREA ke lura da su. Dokoki kam ga su nan, amma idan wannan ofis ya hana, wancan ya yi shiru, talaka zai bi wanda ya yi shirun.

Shawararmu ita ce, tun kafin a gama girbi shugabannin ƙananan hukumomin biyu su zauna da malaman daji, da malaman gona, da uwayen ƙasa, da arɗo-arɗo, da sarakunan mafarauta, su gayyato maƙwabtansu na Kebbi da Zamfara. Su tsai da rana guda wadda daga ita ba mai sa wuta sai da izini, a bar gajeren lokaci kafin nan domin ƙunar farko, lokacin da ciyawa ke da sauran danshi. Su ambaci dazukan da aka rufe da sunayensu da ranar buɗe su, a kuma bar burtali da mashaya a buɗe, domin rufe wa makiyayi hanya haifar da wata fitina ne. Sa'an nan a yi shela iri ɗaya a kasuwanni da masallatan Juma'a, daga Dogon Daji har Kuchi, kowane ƙauye ya san mutumin da za a kai wa rahoto.

Ya kai ma'aikaci, takardar da ta kwana a teburinka amana ce, kada ka jira sai an yi asara kana ka nemi wanda za a ɗora wa laifi. Kai kuma attajiri, taimaka wa ƙauyen da kake sayen hatsi a share gefen gonaki da kewayen rumbuna. Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Allah Ya tsare mu da dukiyoyinmu daga gobara, Ya haɗa kan shugabanninmu a kan gaskiya, amin. Haza wasalam.