Albarushi Ba A Auna Shi Da Ido

A ƙasar Amurka, da zarar watan Oktoba da Nuwamba sun kama, miliyoyin mutane kan shiga daji farautar barewa. Cikinsu akwai waɗanda ba su yarda da bindigar kanti ba, sai su je wurin maƙeri ya ƙera musu tasu daidai kafaɗarsu, kamar yadda tela ke ɗinka wa mutum riga. Irin waɗannan mafarauta galibi su ke ɗura harsashinsu da hannunsu a gida. Wannan al'ada tasu kuwa tana da darasi babba ga duk mai riƙe da bindigar adaka.

Harsashi abu huɗu ne: kwanson tagulla, da 'yar ƙwayar da ke tayar da wuta a gindinsa, da albarushi, sai dalmar da ke fita. Kwanson da aka harba akan gyara shi a sake ɗura shi sau da yawa. Amma ba arha kaɗai ke jan su ba. Kowace bindiga da halinta, abin da wannan ta fi saiti da shi wata ba ta so. Mafarauci na neman haɗin da zai kayar da barewa da harbi ɗaya, kada ta gudu da rauni ta mutu a banza cikin daji.

Abin lura shi ne yadda suke awo. Ma'auninsu ƙanƙane ne ƙwarai, sai an tara 7,000 nasa kafin a sami laba ɗaya, kuma sikelinsu yana gane kashi ɗaya cikin goma na wannan ma'auni. Kamfanoni irin su Lyman da Hornady suna buga littattafai masu nuna iyakar da ba a ƙetarewa. Mai ɗuri kan fara daga ƙasa, ya ƙara kaɗan kaɗan, yana duba kwanso bayan kowane harbi, yana rubutawa. Dalili kuwa, harsashin nan da suke kira .30-06, wanda sojan Amurka suka fara amfani da shi a 1906, ƙarfin da yake yi cikin bututu yakan kai laba 60,000 a kan kowane inci murabba'i, ga shi kuwa dab da fuskar mai harbi.

To, mafarauta da masu gadi na Arewa da ke zaune a Agege, da Shagamu, da Sabon Ibadan, waɗanda ke riƙe da adaka, su ma ɗuri suke yi da hannu. Bambancin shi ne da yawa a tafin hannu suke awo, wani ma har ya ƙara don ta yi ƙara. Mafi muni shi ne mai farke harsashin kanti ya juye garinsa cikin adaka. Garin nan marar hayaƙi, wanda Bafaranshe Paul Vieille ya ƙirƙiro a 1884, ya fi baƙin albarushi ƙarfi nesa ba kusa ba. Bututun adaka, wanda sau da yawa na famfon ruwa ne, ba ya iya ɗaukarsa. In ya fashe, yatsu da idanu ne ke tafiya.

Wani zai ce ai kakanni ba su san sikeli ba, kuma tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne, amma ganganci daban, tsautsayi daban. Magidancin da ya bar iyali a gida ya zo Kudu neman abinci, hannunsa shi ne jarinsa.

Har ila yau akwai doka. Abin da Ba'amurke ke yi a gidansa dokar ƙasarsa ta yarda masa. A Nijeriya Dokar Bindigogi ta 1959 ta hana mutum haɗa harsashi don kansa, adaka ma Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha yana da ikon hana riƙe ta sai da lasin. Saboda haka kada kowa ya kwaikwayi sana'ar. Awon da natsuwar su ne abin ɗauka.

Ya kamata sarakunan Hausawa na zangon Kudu da shugabannin mafarauta su tsaya kan abu uku: kowa ya yanki lasin, kowace bindiga ta sami mudunta guda wanda ba a ƙetarewa, kuma kada garin harsashin kanti ya kusanci adaka. Allah ya kiyaye, amin.