LIKITAN DA BAI GA MARA LAFIYA BA

A cikin shekarar 2001 wani saurayi ɗan shekara 18 mai suna Ryan Haight ya mutu a jihar Kalifoniya ta Amurka bayan ya sha ƙwayoyin Vicodin masu kashe zafi, waɗanda ya saya ta intanet da takardar wani likita da bai taɓa ɗora ido a kansa ba. Saboda wannan mutuwa ne majalisar dokokin ƙasar ta kafa doka da sunansa a 1998 da goma, watau 2008, wadda ta hana likita rubuta magani mai sa maye sai ya duba mutum ido da ido, ko da sau ɗaya ne.

Da annobar korona ta sauka a 2020, sai hukuma ta sassauta dokar domin kada marasa lafiya su rasa magani suna kulle a gida. Niyya mai kyau ce, amma 'yan kasuwa suka ga ƙofa a buɗe. Kamfanoni suka ɓullo, mutum ya biya kuɗin wata, ya amsa 'yan tambayoyi a wayarsa, takardar magani ta fito. A watan Yuni na 2024 aka kama shugabar wani kamfani mai suna Done, aka tuhume ta da hannu wajen rarraba ƙwayoyin Adderall da danginsu fiye da miliyan 40, wanda ya jawo wa kamfanin kuɗin shiga fiye da dala miliyan 100. A watan Nuwamba na 2025 kotu a San Faransisko ta same ta da laifi, ita da babban likitan kamfanin.

Sa'an nan ga kasuwar allurar rage ƙiba. Kamfanin Novo Nordisk na ƙasar Denmak ya fito da Ozempic domin masu ciwon sukari, Amurka ta amince da ita a 2017, ta kuma amince da Wegovy domin masu ƙiba a 2021. Magani ne na gaske, kuma ya taimaki mutane da yawa. To, amma yana sa tashin zuciya da amai, yana iya taɓa matsarmama da saifar sukari, ba a ba mace mai ciki, ba a kuma ba wanda ke da wani irin ciwon dajin maƙogwaro a zuriyarsa. Bincike ya nuna cewa waɗanda suka daina allurar sun mayar da kusan kashi biyu cikin uku na nauyin da suka rage a cikin shekara guda. Wace takardar tambayoyi ce za ta auna duk wannan, alhali mai amsawa yana iya ƙara wa kansa nauyi da baki?

Inda riba ta yi yawa kuwa, jabu ba ya nisa. A 2023 an kwantar da mutane a asibiti a ƙasar Austiriya bayan sun yi amfani da Ozempic ta jabu, kuma a 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan irinta da aka samu a Birazil da Ingila da Amurka. A watan Fabrairu na 2025 hukumar da ke kula da kantunan magani a Ingila ta ce takardar tambayoyi kaɗai ba ta isa ba, tilas a tabbatar da nauyi da tsawon mai saye kafin a ba shi allurar.

Mai karatu a Agege ko Sabo ta Badun ko Fatakwal zai iya cewa wannan rigimar Turawa ce. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Hanyar intanet da ta kai wa saurayin Kalifoniya ƙwaya tana cikin aljihun kowane ɗan acaba da mai gadi da ɗan dako a yau. Ƙasar nan kuwa ba baƙuwa ba ce ga wannan masifa. Binciken da aka yi a 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 masu ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a Nijeriya, kuma a watan Mayu na shekarar Gwamnatin Tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. Turamol ya riga ya cinye samari masu aikin ƙarfi da dama, mata kuma suna shan "sha-ka-fashe" don su yi jiki. Mai neman ƙiba da mai neman rama, duk hanya ɗaya suke bi, watau shan magani ba tare da likita ya duba su ba. Baƙo ya fi kowa faɗawa wannan tarko, domin yana gudun layin asibiti, yana gudun rasa cinikin yini, ga kuma wuyar harshe.

Ba laifi ba ne likita ya yi magana da mara lafiyarsa ta waya. Mai hawan jini da likitansa ya riga ya sani ba ya bukatar ya kashe kuɗin mota kowane wata don neman shawara. Abin ƙi shi ne likitan da ribarsa take rataye a kan yawan takardun da ya sa wa hannu.

Saboda haka ya wajaba hukumar masu harhaɗa magunguna ta ƙasa da NAFDAC da NDLEA su tsaya kai da fata a kan masu tallar magani a Facebook da WhatsApp, majalisar likitoci kuma ta ƙwace lasisin duk wanda ya rubuta magani mai sa maye ga mutumin da bai duba ba. Sarakunan Hausawa da limamai da shugabannin ƙungiyoyin kasuwa su faɗakar da jama'arsu, su kuma nemi a sa masu jin Hausa a asibitocin gwamnati da ke kusa da unguwanninsu. Wanda ya baro iyalinsa a Arewa don neman abin rufin asiri, da lafiyarsa suke jira ya komo.