A SAN ABIN DA AKE ZUBAWA A KOFIN BAƘO

Wata sabuwar al'ada ta shiga gidajen ma'aikata a Kubwa, watau babbar unguwar nan ta ƙaramar hukumar Bwari da ta cika ta batse tun bayan da aka ƙaurar da hedkwatar ƙasa daga Ikko zuwa Abuja cikin Disamba 1991. A da in an yi baƙo, yaro ake aika kanti ya sayo lemon kwalba. Yanzu kuwa uwargida ce ke shiga kicin da wayarta a hannu, ta haɗa wannan da wancan, ta jefa ƙanƙara, ta yanka kokwamba, sa'an nan a kawo wa baƙo cikin dogon kofin gilashi.

Abin da aka fi haɗawa shi ne Chapman, wanda ake cewa a kulob ɗin Ikoyi na Ikko aka fara shi. Tsofaffin ma'aikata da suka yi zaman Ikko, da zarar sun kurɓa sai hira ta koma zamanin Gold Spot da Tandi, lokacin da yaran unguwa ke cika falon mai telebijin don kallon Samanja, watau marigayi Usman Baba Pategi da ya rasu cikin Nuwamba 2023. Su ma Amurkawa haka suke yi. Suna da wani lemo marar giya da suka laƙaba wa sunan Shirley Temple, yarinyar da ta yi tashe a silima a shekarun 1930, har yau kuma ana haɗa wa yara shi.

Babu laifi mutum ya tuna ƙuruciyarsa a cikin kofi, haɗawa a gida kuma ya fi araha. Inda gizo ke saƙa shi ne mutane da yawa ba su san abin da suke zubawa ba.

A ɗauki shi Chapman ɗin. Ana haɗa Fanta da Sprite da wani jan ruwan zaƙi mai suna grenadine da lemon tsami da kokwamba. Amma a haɗi na ainihi akan ɗiga wani ruwa mai ɗaci daga 'yar ƙaramar kwalba, sunansa Angostura, a tsibirin Tirinidad ake yinsa, kashi 44.7 cikin ɗari na abin da ke cikinsa kuma barasa ne. An rubuta a jikin kwalbar, sai dai wa ke karantawa? Alhazai nawa ne suka sha a wurin biki suna cewa ai lemo ne? Hukuncin ɗigo biyu ko uku cikin babban kofi magana ce ta malamai. Amma mai gida yana da haƙƙin ya sani, baƙonsa ma haka. Wanda zai haɗa a gida yana iya barin kwalbar nan a kanti, ɓawon lemo da 'yar citta sun isa su ba da ɗacin.

Wannan ma mai sauƙi ne idan aka tuna abin da ya auku a Kano cikin Maris da Afrilu na 1442 Hijira, watau 2021, gab da azumi. Mutane suka yi ta kwarara asibitoci da amai da jiri da fitsarin jini. Kwamishinan Lafiya na lokacin, Dokta Aminu Ibrahim Tsanyawa, ya ba da sanarwar mutuwar mutum 10, da kwantar da kimanin 400, wasunsu da ciwon ƙoda. Da Hukumar NAFDAC ta bincika, sai ta gano wani sinadarin masana'antu mai guba da aka sayar da sunan "ɗan tsami", garin nan da masu haɗa lemo ke zubawa don ya yi tsami. Waɗanda suka saya ba mugaye ba ne. Sun ga farin gari a leda, babu suna, babu ranar lalacewa, ga araha, suka auna suka zuba. Irin wannan ƙulli na leda bai ɓace daga kasuwanni ba.

Abin mamaki shi ne ƙasar da ake sayen garin tsami ita ce ƙasar tsamiya. Kakannin waɗannan matan ba su taɓa zuba wa baƙo abin da ba su san sunansa ba. Lamurje tsamiya ce da citta da kanumfari da ɗan barkono, a zaƙaƙa da mazarƙwaila ko zuma, a sanyaya a randa. Zoɓo ma bai buƙatar wata kala, da jansa Allah ya halicce shi. A tafasa shi da citta da kanumfari da ɓawon abarba da aka wanke sosai, shi ke nan. Zoɓon da manoman Jigawa ke nomawa har Meziko ake kai shi, ayar Maraɗi kuma Turawan Sifen ke saya su yi irin nasu kunun ayar. Su can suna alfahari da shi, a nan kuwa wasu na ganin ƙauyanci ne a miƙa wa baƙo.

'Yan Arewa mazauna Kudu su suka fi kowa sanin begen gida, kuma ba su da uzuri, domin motocin da ke sauke kaya a Mile 12 da Agege da Sabon Badun suna zuwa da tsamiya da busasshen zoɓo da aya da dabino. Matan da ke wannan sana'a a can, su kula da abu biyu: ruwan da aka daskarar aka yi ƙanƙara, da robobin da ake tsintowa a sake ɗurawa. Ruwan 'yan ga-ruwa, ko a Kubwa ko a Ikko, a tafasa shi tukuna. Kunun aya kuma ba ya jure zafi. In wuta ta ɗauke firiji ya huce, wanda aka yi da safe kada a ba yara da dare.