Wando ɗaya, ma'ana biyu

A hutun nan da na koma gida Makoɗa, kakata ta ji na ce wa ƙanwata ta saka zane. Sai ta ce, "Kai ɗan boko, zane ɗaura shi ake yi." Na yi dariya, amma maganar ta tsaya mini a rai, domin a lokacin ina ta fama da darasin Sinanci a wayata, kuma kan batun sutura nake.

Sinawa ba sa haɗa komai a kalma ɗaya. Riga da wando da takalmi, kalmarsu "chuan" ce. Hula da tabarau da agogo da zobe kuwa "dai" ake cewa. Asalin "chuan" hudawa ce ko ratsawa, kuma harafinta haɗin alamar rami ne da ta haƙori. Shi ya sa da ita ake zura zare a allura, kamar yadda mu ma muke zura zare, mu zura riga, mu zura takalmi.

Daga wannan kalma suka gina maganganu masu daɗi. Idan shugaba ya ƙuntata wa na ƙasa da shi a fakaice, sai su ce ya sa masa ƙaramin takalmi. Idan ka gano mayaudari, ganinka ya huda shi. Masu haƙuri da karatu kuwa ana tuna musu cewa ɗigon ruwa na huda dutse.

Wadda ta fi ba ni mamaki ita ce ta wando. A wurinsu, mutum biyu da suka sa wando ɗaya bakinsu ɗaya ne, yawanci ma wajen ƙulla wata tsiya. Mu kuwa idan ka sa ƙafar wando ɗaya da mutum, rigima ce ta tashi. Ka duba tafinta a Kantin Kwari, inda 'yan kasuwarmu ke ciniki da Sinawa: in ya fassara wannan kalma da kalma, ai ya mai da aminci gaba.

'Yan uwana ɗalibai, a nan gizo ke saƙar. Ba za ka iya fassara harshen wani ba alhali naka ya tsuke. Hausa na da ɗaura zane, yafa mayafi, kafa hula, naɗa rawani, rataya laya. Daga naɗa rawanin nan muka sami naɗin sarauta. Amma a bakinmu yau duk sun koma "saka".

Tun 1963 gidan rediyon ƙasar Sin ke watsa shirye-shirye da Hausa, kuma akwai Sinawa masu karanta ta a jami'a a Beijing. Abin kunya ne su san bambancin yafawa da ɗaurawa, mu 'yan gida mu manta.

Aikin wannan mako: ka zauna da wata tsohuwa a gidanku, ka rubuta kalmomin sa tufafi guda goma daga bakinta. Ni kakata ta riga ta ba ni bakwai, ta ce sauran sai na kawo goro.