LAMBUN GIDA: Itacen Fadama da Itacen Tudu

A wannan wata za mu dubi itatuwa biyu waɗanda masu lambu a Amurka sukan dasa kusa da gida. Ba a saba ganinsu a ƙasarmu ba. Amma bambancin da ke tsakaninsu zai nuna mana abin da ya kamata mai dashe ya sani tun bai haƙa rami ba.

Na fari, Amurkawa suna kiransa batinbush, wato itacen maɓalli, domin 'ya'yansa ƙanana ne, dunƙulallu kamar maɓallin riga. Asalinsa na can ne. Yana tsiro da kansa a bakin rafi da tafki, tun daga gabashin Kanada har Fulorida da Meziko. Tsawonsa yakan kai ƙafa 6 zuwa 12. Daga watan Yuni yakan yi fure fari mai ƙanshi, a dunƙule kamar ƙwallo, da tsinkaye a jikinsa sai ka ce an soka masa allurai. Wanda ya san giyayya ko tafashiya ya riga ya ga kamanninsa, gama danginsu ɗaya ne, su da itacen kofi.

Na biyu shi ne wanda Larabawa suke kira safarjal, mutanen Ingila kuwa su ce kwins. Ɗan'uwan tuffa ne. Asalinsa daga wajajen Iran da duwatsun Kaukasus yake, yau kuwa ba ƙasar da ta kai Turkiyya nomansa. Tsawonsa yakan kai ƙafa 15 ko fi. 'Ya'yansa rawaya ne, girman babban lemo, da ƙanshi mai cika ɗaki. Amma in ka gatsa shi ɗanye za ka yi da na sani, don yana da tauri da bauri. Sai an dafa shi da sukari ya daɗe a wuta, sa'an nan ya yi taushi, launinsa ya koma ja. A Maroko har da nama ake dafa shi. Mutanen Fotugal suna ce da shi marmelo, daga nan ne kuma sunan mamalad da ake shafa wa burodi ya fito.

To, yaya ake kula da su?

Batun ruwa shi ne babba. Itacen maɓalli ɗan fadama ne. Ko gindinsa ya yi watanni a cikin ruwa ba ya damuwa, fari ne kaɗai magabcinsa. Safarjal kuwa yana son ƙasa mai laima, amma wadda ruwa yake wucewa. In ruwa ya kwanta a gindinsa ya daɗe, saiwa takan ruɓe. Ruwan da yake rayar da wancan, shi ne ajalin wannan.

Sai batun rana da sanyi. Itacen maɓalli yakan yi haƙuri da 'yar inuwa, ko da yake furensa ya fi yawa a sarari. Safarjal yana bukatar rana sosai domin 'ya'yansa su nuna. Yana kuma bukatar sanyi mai daɗewa, inda ma'aunin zafi zai sauka ƙasa da 7 kwana da kwanaki, ya zubar da ganye ya huta, kafin ya yi fure yadda ya kamata. Hunturun Kano ko Maradi yakan zo da dare, rana ta fito ta kore shi. Saboda haka wanda aka kawo wa irin safarjal daga waje, kada ya sa rai da yawa.

Wajen aiki ma sun bambanta. Itacen maɓalli ba ya son wahalar da mai shi. Ka yanki reshe ka soka a danshi, sai ya kama. A sabon reshe yake yin fure, don haka akan datse shi a ƙarshen sanyi, shi ke nan. Safarjal kuwa sai da ido. Akan jira shekara 3 zuwa 5 kafin a ci 'ya'yansa. Kullum sai an cire tohon da yake fitowa daga gindi. Akwai kuma wata cuta da takan mai da rassansa baƙi kamar wuta ta babbake su. In ta ɓullo, sai a yanke reshen kamar ƙafa ɗaya ƙasa da wurin cutar, a ƙone shi, a tsabtace wuƙar kafin a taɓa wani itace. Yawan takin zamani yana ƙara jawo ta.

Wanne ya fi amfani? Uwargida za ta ce safarjal, tun da shi ne yake shiga tukunya. Itacen maɓalli ba a cinsa, ganyensa ma dafi ne ga dabbobin gida. Duk da haka ƙudan zuma suna tara zuma daga furensa, agwagin ruwa suna cin ƙwayarsa, saiwarsa kuma tana riƙe gaɓar rafi kada ruwa ya zaizaye ta. Wurin da safarjal ba zai yi shekara ba, nan shi yake aikinsa.

Ga abin da za mu ɗauka domin namu lambun. Kafin ka sayi dashe, haƙa rami mai zurfin ƙafa 2, ka cika shi da ruwa. In gari ya waye ruwan yana nan, wurin ba na lemo ba ne, ba kuwa na gwanda ba, gama gwanda takan mutu in ruwa ya kwanta mata kwanaki kaɗan. Ka nemi tudu dominsu, ka bar wa rake gindin fadama. Kuɗi da yawa sun salwanta domin an zaɓi itace kafin a dubi ƙasa.

Iyaye, wannan magana ba ta tsaya a lambu ba. A Farawa sura 25 mun karanta yadda Ishaku ya fi son Isuwa saboda naman farauta da yake kawo masa, Rifkatu kuwa ta fi son Yakubu. Kun san inda abin ya kai gidan: yaudara, ƙiyayya, da rabuwar 'yan'uwa shekara 20. Har yau akwai gidajen da ake yabon yaron da ya zo na ɗaya a aji, a riƙa yi wa ƙaninsa gori, alhali ƙanin ne yake ɗebo wa kakarsa ruwa ba a aike shi ba. Wani yaro tsawa ɗaya ta ishe shi. Wani kuwa tsawa takan karya masa zuciya, sai an zauna da shi a hankali. Allah da ya yi fadama shi ya yi tudu, bai kuwa yi kuskure ba. Aikinmu shi ne mu san kowane ɗa da ya ba mu amana, mu ba shi irin kulawar da ta dace da shi.

Ku karanta 1 Korintiyawa sura 12 a lokacin addu'ar iyali. Allah ya sa albarka a aikin hannuwanku. Sai wata mai zuwa.